Zaɓen Ƙoto da Dabarar Lallaɓa Kifi a Gulbin Kabi Idan Bazara ta Gabato

Gabatarwa

Mafi yawan waɗanda suka yi rubutu a kan sana'ar su a ƙasar Kabi, a kan bikin Argungu suke tsayawa. Sukan kawo yadda aka soma shi a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, su bayyana homa da gora da ruwan Matan Fada, su rufe da cewa Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2016. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kuma gasar su ɗin nan ta yini ɗaya ce, alhali masunci kullum ne yake neman abin da zai kai gida. Wannan maƙala za ta dubi ɓangare guda na aikinsa na yau da kullum, wato su da ƙugiya, musamman yadda yake zaɓen ƙoto da yadda yake sauya dabara idan ɗari ya wuce bazara ta kunno kai. Na tattara bayanan ne daga zama da masunta a lokacin da nake aikin gwamnati a garuruwan bakin gulbi, da kuma abin da na karanta daga baya.

Halin da Ruwa Yake Shiga

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan da ya malale fadama tun damina ya riga ya janye, tafkuna sun yanke daga uwar gulbi, kifi ya tattaru a gurabe masu zurfi. Wanda bai san su ba zai ɗauka wannan ne lokaci mafi sauƙi, tun da kifi ya taru wuri ɗaya. Ga mai taru ko birgi, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ga mai ƙugiya kuwa, abubuwa uku ne suke tsananta masa aiki.

Na farko, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Lita guda ta ruwa a digiri 20 tana iya ɗaukar kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa ba ta wuce 7 da rabi ba. Saboda haka da rana tsaka kifi yakan lafe a ƙasa ko a inuwar bado da saiwoyin itatuwa, ba ya son wahalar bin abinci. Na biyu, idan ruwa ya daina gudu laka takan kwanta, ruwan ya washe, kifi ya riƙa ganin zare da ƙugiya da inuwar mutum. A nan ne karin maganar nan ta Hausawa, kifi na ganinka mai jar koma, take zama zahiri. Na uku, gurbin da ya rage kowa a kansa yake, don haka kifin da ya kai bazara da rai ya sha tsallake koma da ƙugiya, ya zama mai tsoro.

Kowane Kifi da Ƙotonsa

Ƙa'idar farko da masunta suke koya wa yaransu ita ce, a san da me kifi yake neman abinci kafin a zaɓa masa ƙoto. Wani da ido yake farauta, wani da sansane.

Tarwaɗa da ramboshi da kurungu suna cikin masu sansane. Gashin bakin nan nasu da shi suke laluben abinci a cikin laka, ko da dare ne. Su ake ba ƙoto mai wari ko mai maiƙo: tana, da hanjin kaza, da naman dodon koɗi, da kifin da ya soma ruɓa, har da guntun sabulu. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa zafin bazara bai cika karya mata ci ba, kuma ita ce takan rufa wa mai ƙugiya asiri a watan Afrilu.

Giwan ruwa da tsage kuwa mafarauta ne masu aiki da ido da jin motsi. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda yake jin girgizar ruwa da shi. Don haka ƙotonsu rayayyen ɗan kifi ne, kamar kawara ko ƙaramar karfasa, a soke shi a baya ƙarƙashin ƙayar gadon baya ba tare da an taɓa ƙashi ba, domin ya daɗe yana motsi. Idan tsage ake nufi, sai an ɗaura ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare, in ba haka ba haƙoransa za su datse zaren. Giwan ruwa yana bukatar ruwa mai wadatar iska, saboda haka a bazara ana nemansa a gurbi mai zurfi, ko inda ruwa yake ɗan gudu a gindin dutse ko kututture. Ragon ruwa yana tsakanin ɓangarorin biyu, yana da gashin baki, kuma da dare yake fitowa cin ƙananan kifaye.

Karfasa bakinta ƙarami ne, abincinta kuma gansakuka da ƙananan halittu. Ƙaramar ƙugiya ake sa mata da guntun tana, ko gara, ko ɗan curin tuwo da aka murza da dusa. Bargi ba safai yake cin ƙugiya ba, domin tace abincinsa yake yi daga ruwa da laka, koma ce maganinsa. Gaiwa kuma a wannan lokaci ta riga ta shige cikin laka ta naɗe kanta tana jiran damina, mai nemanta fartanya yake ɗauka.

Akwai kuma dacewa da abin da lokaci ya kawo. Idan ruwan farko ya sauka shinge ya tashi, kifi yakan koma kansa gaba ɗaya, wanda ya kawo wani ƙoto a wannan rana sai ya yi ta zaman banza. Haka fara take a lokacin kaka.

Dabarar Lallaɓawa

Wannan darasi a jikina na koye shi. A wata bazara cikin shekarun 1980, ina sabon ma'aikaci a wani gari na bakin gulbi, na sayi babbar ƙugiya da zare mai kauri da dalma mai nauyi, na yanka tsokar nama na soka, ina ganin babban ƙoto shi ke kawo babban kifi. Na yi yammaci uku ban ga ko motsi ba. Wani dattijo masunci da yake gyaran koma a kusa ya kira ni ya ce, "Malam, kawo in gani." Da ya duba sai ya ce, "Wannan kayan damina ne ka ɗauko. Kifin bazara ba shi son a yi mishi tsawa." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Bai amsa ba, sai ya kwance ƙugiyar ya ɗaura wadda ba ta kai rabinta ba, ya cire dalmar ya bar ɗan ƙwaya guda, ya sa tana ɗaya ya bar jelarta tana lilo, sannan ya matsar da ni inda inuwata ba ta faɗa wa ruwa. Kafin magariba na kama kurungu biyu da tarwaɗa ɗaya.

Abin da dattijon ya yi ana iya tsara shi kamar haka. A rage girman ƙugiya da kaurin zare gwargwadon washewar ruwa. A rage dalma, domin ƙoto ya nutse a hankali kamar abin da ya faɗo da kansa. A rufe ƙugiya da ƙoto, a bar tsininta kaɗai. A ajiye ƙoton a bakin maɓoyar kifi, gindin burugu ko gefen bado ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, tun da kifin ba zai yi tafiya ya same shi ba. A bar shi ya daɗe, in za a motsa shi a ɗan ja kaɗan a tsaya. Guntun karan da ake ɗaurawa a zare don ya nuna cin kifi, shi ma ƙarami ake sa wa, domin kifi mai tsoro yana jin nauyi yakan tofar. A fita da asuba ko da la'asar sakaliya zuwa dare. Mai jirgi ya ajiye filafili tun daga nesa ya bar jirgin ya silala, kada ya buga ƙafa a katako, saboda ƙara tana tafiya cikin ruwa fiye da yadda take tafiya a iska.

Siririn zare yana da nasa sharaɗi. Idan babban kifi ya ci, ba a fizga. Ana sakar masa ya gudu, a jawo, a sake saki, har ya gaji. Masunta da dama sun rasa giwan ruwa a bakin jirgi saboda gaggawar minti ɗaya.

Yadda Abin Yake a Amurka

Malamai za su amfana da sanin cewa wannan ilmi bai tsaya ga gulbinmu ba. A Amurka akwai wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas, wanda babu shi a ruwayenmu, amma halinsa na farauta ya yi kama da na giwan ruwa, ko da yake bai kai shi girma ba. Mafi girman da aka amince da shi a tarihi laba 22 da oza 4 ne, wato kilo 10 da 'yan kai, wanda George Perry ya kama a Jihar Jojiya a 1932, sai wani Bajapane, Manabu Kurita, ya kamo irinsa a Tafkin Biwa a 2009. Giwan ruwan da ya ci gasar Argungu a 2005 kuwa kilo 75 ne.

Su a can wasa ne da gasa, kuma ƙoton da suke amfani da shi ƙirar hannu ne. A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi na ɓawon itace mai rangaji kamar wanda ya ji rauni. A 1949 Nick Creme na Jihar Ohayo ya fito da tanar roba mai taushi. Daga nan iri-iri suka yawaita: mai yawo a saman ruwa wanda ake jefawa da asuba, da mai leɓe wanda yake nutsewa idan an ja shi, da mai faranti mai walƙiya wanda ake sa wa a ruwa mai duhu.

Bas yakan yi ƙwai a ruwa marar zurfi kafin lokacin zafinsu, sannan ya koma zurfi ya rage ci, ga shi kuma ya sha ganin ƙoton mutane. A nan masu gasar sukan ajiye manyan kaya su koma ga abin da suke kira sun lallaɓawa. Sukan ɗauki siririn zare mai ƙarfin laba 6 zuwa 8, da ƙaramar tanar roba mai launin ƙasa ko kore idan ruwa garau yake. Ɗaya daga dabarun, wadda ta bunƙasa a Japan kafin ta yaɗu a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, ita ce a ɗaura dalma a can ƙarshen zare, ƙugiya kuma a sama da ita da kamar kamu ɗaya, ta yadda dalma za ta zauna a ƙasa, ƙoto yana rawa a gaban kifi ba tare da ya bar wurin ba. Wata kuma, da aka sa wa sunan Ned Kehde na Jihar Kansas, guntun roba ne kamar tsawon yatsa a kan ƙugiya mai ɗan kan dalma da bai wuce giram 2 ba. Wanda ya duba da kyau zai ga umarnin dattijon nan ne aka zuba a kwali ana sayarwa. Irin waɗannan ƙotuna na roba da katako suna kama giwan ruwa ma, kamar yadda ake yi a Tafkin Nasir na ƙasar Masar, amma wanda bai san inda kifi yake kwana ba, tsadar kayan ba za ta amfane shi ba.

Kammalawa

Dalilin da ya sa na ga ya wajaba a rubuta wannan shi ne, ruwan da kakanninmu suka sani ba shi ne na yau ba. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, da ta Goronyo a shekarun 1980, ambaliyar da take cika fadamun Kabi ta sauya, wuraren hayayyafar kifi suka ragu. Idan kifi ya ƙi ci a bazara, wasu matasa a yanzu gidan sauro suke ja a gurbi, wasu kuma su zuba maganin ƙwari irin su gamalin, duk da cewa Dokar Su ta Ruwayen Cikin Ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Kifin da yake cikin gurbi a watan Mayu shi ne iyayen da za su yi ƙwai idan ruwan farko ya zo, kuma da yawa daga matan cikinsu cike yake da ƙwai. Mai ƙugiya yana ɗaukar ɗaya ɗaya, yana iya mayar da ƙarami. Mai guba yana kashe gurbin ne baki ɗaya, sannan ya kai wa mutane abin da zai cuce su a kasuwa.

Magabata sun san wannan haɗari, shi ya sa Sarkin Ruwa yake da ikon rufe gurbi, ba a taɓa shi sai an yi fashin ruwa. Shawarata ga malaman makarantun bakin gulbi ita ce, su gayyaci tsofaffin masunta zuwa aji, su sa ɗalibai su rubuta sunan kowane kifi da ƙotonsa da watan da ake kama shi, kamar yadda ake faɗa a garinsu, domin sunayen sukan bambanta tsakanin Argungu da Yawuri. Dattawa kuma da suke da wannan sani, ina roƙon su ba da shi ga duk yaron da ya zo tambaya, ko da ba ɗan gidan su ba ne.