Akwai Data Amma Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Yadda Ake Cire Muguwar Proxy Daga Kwamfuta

Ɗalibi a Samaru ya haɗa kwamfutarsa da hotspot ɗin wayarsa domin rajista a shafin Jami'ar Ahmadu Bello. Waya tana buɗe komai, amma Chrome a kwamfuta sai ya nuna ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. Da yawa sukan ɗora wa kamfanin layi laifi, ko su garzaya wurin masu gyara a PZ, Sabon Gari, a goge musu komai.

Sau da yawa matsalar daga proxy take, wato ɗan tsakiya tsakanin kwamfuta da intanet. Wasu manhajojin sata da ake kwafa ta filash sukan sauya wannan saiti a ɓoye, su karkatar da zirga-zirgar mutum domin cusa talla ko leƙen bayanansa. Idan ɗan tsakiyar ya daina aiki, babu shafin da zai buɗe.

A Windows 10 da 11, a shiga Settings, sai Network & Internet, sai Proxy. A kashe "Use a proxy server" da "Use setup script". Wannan ya wadatar ga Chrome da Edge, amma Firefox yana da nasa saitin, a duba shi daban.

Idan saitin ya dawo bayan an sake kunna kwamfutar, ɓarawon yana cikin gida. A cire baƙuwar manhajar, a yi cikakken bincike da Windows Security, sannan a sauya kalmomin sirri na imel da banki daga waya.