Daga Kano Zuwa Roni: Me Matafiyi Zai Ci, Me Zai Sha, Me Doka Ta Hana?

A Birtaniya akwai wata ƙungiya mai suna CAMRA, wadda aka kafa a 1971, da ke fitar da littafi duk shekara domin nuna wa matafiya mashayun da ke sayar da giyar ƙananan masana'antu. Duk wanda ya ɗauko wannan al'ada ya biyo hanyar Dambatta da Kazaure ya nufi Roni, to ya yi ɓatan kai, kuma yana iya kwana a hannun hukuma.

Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Agustan 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, watanni kaɗan bayan Zamfara ta buɗe ƙofa, kuma tana cikin jihohi 12 da suka bi wannan tafarki. Haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne, kuma Musulmi yake hawa. Sai dai samamen Hisbah a kan masu sayarwa da masu dakonta ba ya tsayawa tambayar addinin mai kaya. Hukumar kan sanar da kama kwalabe lokaci zuwa lokaci, har a yankin Kazaure.

Hanin ya girmi 2000 nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar da barasa cikin wani yanki mai faɗi na Afirka, Turawan mulkin mallaka kuma suka hana sayar wa 'yan ƙasa ita a Arewa. Abin da suka kasa kashewa shi ne burkutu, giyar gargajiya da aka san Maguzawa da ita: a jiƙa dawa, a bar ta ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a ajiye ta yi tsami. Ita ce ta fi kusa da abin da Turawa ke yi wa tafiyayya, amma a nan ba ta da allo a bakin titi.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda 'yan siyasarmu ba su cika son a tayar ba. Harajin VAT, da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, ana tara shi ne a tukunya ɗaya, har da na giya, sannan a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi 774, ciki har da Roni da Gwiwa da Babura. Wannan na cikin hujjojin da Nyesom Wike ya riƙa kafawa a 2021, lokacin da wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta ce jihar Ribas ce ke da ikon karɓar harajin. Masu kare Arewa kan ce ai hatsi da dabbobin da yankin ke ciyar da ƙasa da su ba a ɗora musu VAT. A ganina kowane ɓangare na da ƙamshin gaskiya, kuma kowanne na kawar da kai daga hujjar ɗan'uwansa.

To, me ya rage wa matafiyi? Abu mai yawa. Ka'idar farko ita ce ta direbobi: inda 'yan tasha suka yi cincirindo, tukunyar ba ta kwana, ko tuwon dawa da miyar kuka ne ko shinkafa da wake da mai da yaji. Da safe mai shayi da mai ƙosai. Da la'asar mai tsire, kuma gara wanda aka sauke daga wuta a gabanka da wanda ya jima a nannaɗe cikin takarda.

Abin sha ne ke buƙatar lura. Fura da nono na Fulanin yankin ba sa buƙatar talla, amma haɗarin yana cikin ruwan da aka dama da shi da ƙanƙarar da aka jefa, musamman da damina, lokacin da cutar amai da gudawa ta fi yaɗuwa. Tambayi mai furar inda ta ɗebo ruwa, ko ka ba ta naka ta dama a gabanka. Kunun aya ba ya jure zafi; idan robar ta kumbura ko ta yi huci da aka buɗe, ya riga ya juya. Zoɓo da kunun zaƙi kuwa sau da yawa a tsofaffin robobi ake ɗura su, don haka duba murfin da gindin robar kafin ka miƙa kuɗi.