Bindigar Fenti Ko Iskar Da Ke Tura Ta?

A garejojin Anka, Gummi da Bukkuyum, idan fentin mota ya fito da kurji-kurji ko ya zubo hawaye, bindigar feshi ake fara ɗora wa laifi. Mai fenti zai ce da SATA ta Jamus ko Iwata ta Japan ce a hannunsa, da aikin bai lalace ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma mafi yawan aibin da ke bayyana a kiliya, wato shafin ƙarshe mai ƙyalli da ake yi a kan kala, daga iska yake fitowa: wadda kwamfiresa ke turowa da wadda ke kaɗawa a filin aiki.

Manyan bindigogi irin HVLP an ƙera su ne domin kashi 65 cikin ɗari na fenti ko fiye ya sauka a jikin mota, amma suna shan iska sosai, wasu fiye da lita 400 a minti ɗaya. Ƙaramar kwamfiresa mai tankin lita 50, wadda janareto ke ja da ƙyar, ba ta kai wannan. Da an yi rabin ƙofa ƙarfin iska ya faɗi, kiliya ta fita da manyan ɗigo, ta bushe kamar ɓawon lemo, komai tsadar bindigar. Sannan iskar da aka matse tana tara ruwa, tsohuwar kwamfiresa kuma tana tofo mai. Ɗigon mai kaɗan ya isa ya buɗe ƙananan ramuka a kiliya, haka ma man goge mota da ya rage a jikin ƙarfe. Maganin bai kai kuɗin bindiga ba: matatar ruwa a kan tiyo, zubar da ruwan tanki kullum, da wanke jikin mota kafin feshi.

Yanayinmu ma ba ya rangwame. A hunturu ƙura ce ke manne wa ɗanyen fenti, shi ya sa feshi a sarari gefen titi asarar kuɗi ce. A kewaye rumfa da leda, a yayyafa ruwa a ƙasa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, tina, wato ruwan tsinka fenti, in mai saurin bushewa ce, kan sa fenti ya bushe tun bai sauka ba, ko samansa ya rufe ya tsare tururi a ciki, ya fito da ƙuraje. A nemi tina da hadina (sinadarin da ke sa kiliya ta yi tauri) masu jinkiri, a yi feshi da sassafe. Da damina kuwa laima ke disashe ƙyalli. A auna haɗi yadda gwangwani ya faɗa, galibi kiliya biyu da hadina ɗaya, a riƙe bindiga kimanin santimita 15 zuwa 20, a bar mintuna 5 zuwa 10 tsakanin shafi da shafi. Gaggawa ce uwar hawaye.

Wani zai ce araha ba ta ado, kuma yana da hujja. Bindiga mai tsada tana rarraba fenti daidai, tana rage ɓarna, allurarta da bakinta suna daɗewa. Mai araha kuwa sa'a ce, wata ta yi kyau wata ta riƙa tofi. Ga wanda ke da babbar kwamfiresa da rufaffen ɗaki, yana fesa motoci a kai a kai, tsadar za ta biya kanta. Amma mai fentin da galibin aikinsa babura ne da Keke Napep, wanda in allura ta lanƙwashe sai ya aika Gusau ko Kano, ya fi masa alheri ya riƙe biyu: mai araha mai faɗin baki domin shafin farko, da matsakaiciya mai bakin milimita 1.3 ko 1.4 da ba ta taɓa komai sai kiliya. Ya kuma kula, jabun manyan sunaye suna yawo a kasuwa.

Rarar kuɗin akwai inda ya kamata ta tafi. Hadinar kiliya tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai jawo asma, kuma ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare shi. Mutanen Bagega, Dareta da 'Yargalma, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010, sun san ɓarnar gubar da ido ba ya gani. Takunkumi mai matatar gawayi shi ne mafi ƙarancin kariya, ga maigida da yaran da ke riƙe masa tiyo, kuma matatar tana ƙarewa, sai an riƙa sauya ta.