Kwamfuta Ta Iya Ƙirga Kalma, Amma Ba Ta San Barkwancin Katagum Ba

Labarin ƙasar Katagum ya iso gare mu ta bakuna uku. Na farko Larabci ne: a cikin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya kammala a 1812, akwai wasiƙun da shi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi suka yi musaya kan yaƙin jama'ar Shehu Usmanu da Barno, yaƙin da Malam Zaki, wanda ya kafa masarautar Katagum, yana cikin jagororinsa. Na biyu Ingilishi ne: Hugh Clapperton ya sauka a garin Katagum a Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, abokin tafiyarsa Dakta Walter Oudney ya rasu a Murmur cikin watan, aka kuma buga labarin tafiyar a Landan a 1826. Na uku bakin dattawa ne, wanda Victor Low ya tattara ya fitar a littafinsa na 1972 kan Gombe da Katagum da Haɗejiya.

Kowane ɗaya da harshensa, da waɗanda yake yi wa magana, da abin da yake son a yarda da shi. To yaya mai nazari zai jera su wuri guda ya auna? Masana a yau suna da hanya biyu.

Ta farko ita ce ƙidaya da kwamfuta. Ana zuba rubutu mai yawa a rumbu ɗaya, na'ura ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito, da wace kalma take yawan zama kusa, da yadda hakan ke sauyawa daga marubuci zuwa marubuci. Hanyar ta daɗe da nuna amfaninta. A 1964 masana lissafi biyu a Amurka, Frederick Mosteller da David Wallace, sun ɗauki maƙaloli 12 da aka daɗe ana gardamar ko Alexander Hamilton ne ya rubuta su ko James Madison. Sun bar manyan kalmomin siyasa, suka ƙirga ƙananan kalmomin haɗi waɗanda marubuci ke zubawa ba tare da ya lura ba, lissafi ya nuna Madison. Irin wannan awo zai iya taimaka wa mai son sanin ko waƙar ajami da ake jingina wa wani malami tasa ce ko ta almajirinsa.

Hausa ma ta shiga wannan fage. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu: Hausa, Ibo, Yarabanci da Turancin buroka. Masu jin harshen ne suka zauna suka yi wa kowane saƙo alama, ko na jin daɗi ne, ko na ɓacin rai, ko tsaka-tsaki, sannan aka koyar da na'ura da wannan. A 2023 aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti mai harsunan Afirka 14. Wato na'urar ba ta san yadda ake rarrabe saƙonnin ba sai abin da masu alamar suka nuna mata.

A nan ne ƙasar Katagum ke da darasi. A kasuwar Azare, Babarbare mai shago zai hango Bafulatani ya ɗaga murya: "Kai bawana, wa ya ba ka izinin fitowa daga daji?" Bafulatanin ya mayar masa: "Sayar mini da gishiri, in na ga dama in 'yanta ka." Kowa ya yi dariya, a yi ciniki, wataƙila ma da ragi. Duk ɗan yankin ya san wannan wasan barkwanci ne da ke tsakanin Fulani da Barebari, kuma alamar zumunci ne. A kwafe waɗannan jimloli a miƙa wa manhajar da aka horar ta kamo kalaman ƙiyayya: ga bauta, ga ƙabila, ga raini, da wuya ta ƙi ɗaga tuta. A gefe guda, habaicin da uwargida za ta yi wa amarya da kalmomi masu laushi, har da addu'a a ciki, zai iya wucewa a matsayin yabo.

Wannan giɓin ne hanya ta biyu, nazarin zance, take cikewa. Tana tambayar wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a gaban wa, me ke tsakaninsu, kuma me aka tsallake ba a faɗa ba. Hausawa sun riga sun taƙaita ilimin: wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

A gwada hanyoyin biyu a kan wasiƙun Bello da al-Kanemi. Ƙidaya za ta nuna malamai biyu masu jan aya da hadisi daga rijiya ɗaya, har mutum ya zaci bakinsu ɗaya. Sai an bi zaren hujja ake ganin inda suka rabu: al-Kanemi na cewa mutanen Barno Musulmi ne, saɓo kuma ba ya fitar da mutum daga addini, Bello na cewa sarakunan Barno sun goyi bayan sarakunan Hausa a kan jama'a. Haka littafin Clapperton. Na'ura za ta iya lissafa sau nawa ya ambaci ganuwa, kasuwa, dawaki da bayi, amma mai nazarin zance ne zai tuna cewa gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, kuma masu karatunsa suna son sanin hanyoyin ciniki da ƙarfin sarakuna. Su ma dattawan da suka zanta da Low kowa da gidan da ya fito. Na'ura tana gano inda ya kamata a duba cikin shafuka dubbai, mutum kuma ya faɗi abin da aka gani.

Matsalar gida ita ce kayan aikin ba su kammala ba. Takardun ajami da na Larabci da ke gidajen malamai rubutun hannu ne, kwamfuta ba ta iya karanta shi da kyau ba tukuna. Masu rubutu a waya suna zubar da ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ, sai kalma ɗaya ta rabu gida biyu a lissafi. Guddiranci, Hausar mutanen wannan yanki, ya fi rayuwa a baki da saƙon murya na WhatsApp, alhali Hausar jaridu da rediyo ce ta cika intanet.

Gyaran ba ya buƙatar manyan injuna. Ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da na jami'ar jiha da ke Gadau za su iya ɗaukar muryar dattawa da izininsu, su rubuta ta yadda aka furta ba tare da mayar da ita Kananci ba, su kuma rubuta a gefe wanda ya yi maganar, wanda aka yi wa, da dalilin taron. Takardun malamai a ɗauki hotonsu a bar musu asalin. Manhajojin da ke tace saƙonni a kafafen sada zumunta suna yanke hukunci kan maganar mutanen Azare tun yanzu, kuma bayanan da 'yan ƙasar suka rubuta da hannunsu ne kaɗai za su koya musu bambanta wasa da zagi.