Farin Yankin Sahel: Muhawara a Kan Hannun Ɗan Adam

Tun bayan farin 1972 zuwa 1974, wanda ya halaka ɗimbin dabbobi daga Senegal har zuwa Chadi, masana ke ja-in-ja a kan musabbabinsa. Muhawarar ta wuce batun ko ɗan Adam na da hannu a ciki, ta kai ga tambayar ko wane ɗan Adam ne.

A shekarar 1975 Jule Charney, masanin yanayi ɗan Amurka, ya kawo ra'ayin da ya ɗora alhakin a kan kiwo fiye da kima. A ganinsa, idan dabbobi suka cinye tsirrai, ƙasa kan zauna tsirara, ta mayar da hasken rana sama, sai hadari ya kasa haɗuwa. Wannan ra'ayi ya samu karɓuwa ainun, har makiyayi da mai saran itace suka zama abin zargi.

Amma a 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka danganta ƙarancin ruwan da sauyin ɗumin tekuna. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Tekun Atlantika, wanda hakan ya sa damina ta ja kudu. Ashe wani kaso na laifin da aka jingina wa Bafulatani daga nesa ya taso.

Wannan saɓani ya shafi magani. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suke renon tohon kututture a gonakinsu, abin da ya farfaɗo da ƙasa, alhali rage hayaƙin da ke jirkita tekuna yana hannun ƙasashe masu masana'antu.