Kafin a ce ƙwaƙwalwar mota ta mutu: abin da wayar hannu ke iya ganowa a tsohuwar Sharon

A tashoshin mota na Kano, Kaduna ko Jos, da wuya a rasa Sharon a kan layi. Sunanta na asali Volkswagen Sharan. An fara ƙera ta a 1995 a masana'antar Palmela da ke ƙasar Fotugal, wurin da aka riƙa ƙera 'yan uwanta biyu, Ford Galaxy da Seat Alhambra, waɗanda kusan jikinsu ɗaya da nata. Samfurin farko ya daɗe ana yin sa har zuwa 2010, wato ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara goma sha. Ta sha sanyi da gishirin titi a Turai, sannan ta zo ta sha ƙura da zafin rana da lodi.

Mota mai irin wannan tarihi ba ta rasa ciwon lantarki. Yau gilashin ƙofa ya ƙi sauka, gobe makullan ƙofofi su riƙa buɗe kansu, jibi injin ya mutu ana tsakiyar tafiya, a jira minti goma ya tashi kamar ba abin da ya faru. Idan abin ya gagari ɗan riwaya, hukuncin da aka fi ji shi ne ƙwaƙwalwa ta mutu, sai an sayo wata a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Akan kashe kuɗi masu yawa, a ɗaura wata, bayan kwana biyu matsalar ta dawo, domin tun farko ba ƙwaƙwalwar ce ta lalace ba.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne motar ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Akwai ƙaramar kwamfutar da ke kula da injin, akwai ta birkin ABS, akwai ta jakar iskar kariya, akwai ta makullai da ƙararrawar ɓarayi, akwai wadda ke tantance mabuɗi, idan kuma motar otomatik ce akwai ta giya. Kowacce tana buƙatar abu uku kafin ta yi aiki: wuta daga batir, hanyar da wutar za ta koma ta jikin mota, wadda 'yan riwaya ke kira at, da wayoyin da take karɓar bayani ta cikinsu. Idan ɗaya daga cikin ukun ya samu tangarɗa, kwamfuta mai ƙoshin lafiya za ta yi halin matacciya.

Inda wayar hannu ta shigo

A ƙarƙashin dashbod, ko a bayan wani ƙaramin murfi kusa da giya, akwai soket mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Amurka ta wajabta shi a kan motoci tun 1996. Turai ta bi sahu da nata tsarin, EOBD, a 2001 ga motocin fetur, a 2004 kuma ga na dizal. Ana cusa masa wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma ba, wadda aka fi sani da ELM327, ita kuma ta haɗu da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner, sai wayar ta nuna lambobin matsalar da kwamfutar injin ta adana, da zafin ruwan injin, da yawan iskar da yake shaƙa, da ƙarfin wutar batir. Masu iPhone su lura: na'urar da ke amfani da tsohon Bluetooth ba ta haɗuwa da ita, sai mai Wi-Fi ko mai sabon Bluetooth mai ƙarancin cin wuta.

Sai dai tsohuwar Sharon tana da sharuɗɗanta. Ganin soket mai ramuka 16 ba ya nufin motar tana jin yaren da kowace sikana ke ji. Waɗanda aka ƙera kafin dokar Turai sukan yi magana da yaren Volkswagen na kansa, ta waya guda ɗaya da ake kira layin K, wadda ke rami na 7. Ko a waɗanda suka zo bayan dokar, ELM327 injin kaɗai takan karanta, ba ta leƙa ABS ko makullai. Mai son ganin duk kwamfutocin sai ya nemi manhajar da aka yi wa dangin Volkswagen, kamar VCDS ta kamfanin Ross-Tech, wadda aka saba gudanarwa a kwamfutar tafi-da-gidanka.

Ita ma na'urar abin lura ce. Kamfanin Elm Electronics na ƙasar Kanada ne ya ƙirƙiro ELM327, amma galibin masu arha da ke kasuwa kwaikwayo ne. Da yawansu an rubuta musu v1.5, alhali kamfanin bai taɓa fitar da samfuri mai wannan lamba ba. Wasu jabun suna aiki sarai, wasu kuma sabon tsarin CAN kawai suke ji, su kurmance a kan layin K. Don haka idan waya ta ce ta kasa haɗuwa da mota, a gwada na'urar a wata motar kafin a zargi ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi masu son kayan zamani kai tsaye. A motocin Volkswagen da yawa na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, layin K ya bi har cikin soket ɗin rediyo. Idan aka cire rediyon kamfani aka ɗaura mai allon Android ba tare da kula ba, wayar haɗin takan tura wutar batir kai tsaye cikin wannan layi. Motar za ta ci gaba da tafiya lafiya, amma babu sikanar da za ta iya magana da ita, wata ma takan ƙone. Gwajin ba shi da wuya: a zare soket ɗin rediyon, a sake gwadawa.

Lamba ba hukunci ba ce

Harafin farko na lambar matsala yana nuna ɓangare: P na injin da giya, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutoci. P0335, alal misali, tana nufin kwamfuta ba ta samun saƙo mai kyau daga sensar da ke ƙirga juyawar karanshaf. Ba ta ce sensar ta mutu ba. Mai yiwuwa wayarta ce ta goge a jikin injin, ko soket ɗinta ya cika da mai. P0171 kuwa tana cewa iska ta yi wa fetur yawa, abin da tsagaggen tiyo guda ɗaya ke iya jawowa.

Lambar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce P0562, wato wutar mota ta yi ƙasa. Idan ta fito tare da tarin wasu lambobi da ba su da alaƙa da juna, to galibi ita ce uwa, sauran 'ya'yanta ne. Kwamfutar da wuta ta yi mata kaɗan takan ɗora laifi a kan duk abin da ke haɗe da ita.

Kuskuren da sababbin masu sikana suka fi yi shi ne danna maɓallin gogewa da zarar sun ga lambobi. Wutar gargaɗi za ta mutu, amma shaida ta tafi, har da bayanin da kwamfutar ta ajiye na halin da injin yake ciki a daidai lokacin da matsalar ta faru. A ɗauki hoton allo tukuna. Bayan an goge, a yi tafiya, a ga wacce ta fara dawowa.

Mitar awon wuta ta fi sikana muhimmanci

Da maltimita mai arha ake gano mafi yawan waɗannan cututtuka. Batir mai cikakken caji, bayan ya huta, yana nuna wajen bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2, kusan rabi ya tafi. Yayin da ake kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, idan kuma injin yana aiki, altaneta mai lafiya tana riƙe shi tsakanin 13.8 da 14.4.

Awon da aka fi mantawa da shi shi ne na at. A ɗora tsinken mita ɗaya a kan sandar batir mai alamar ragi, ɗayan a kan ƙarfen injin, wani ya yi kik. Idan hanyar tana da kyau, mita za ta nuna abin da bai wuce bolt 0.2 ko 0.3 ba. Idan ta kai rabin bolt ko ta wuce, to kaurin wayar da ta haɗa injin da jikin mota ta yi tsatsa ko ta saki. A ido za ta iya zama kamar lafiya lau, domin tsatsar a ƙarƙashin noti take ɓuya. Wanda ba shi da mita zai iya ɗaukar wayar jona batir ya haɗa sandar ragi da ƙarfen injin. Idan matsalar ta ɓace nan take, an kama ɓarawon, kuma maganinsa sanfefa ne da ɗaure noti.

Sensoci da yawa kuma suna shan bolt 5 daga kwamfutar injin ta hanya ɗaya. Idan ɗaya ta yi shot a ciki, sai ta janye wutar duka, lambobi uku ko huɗu su fito a tare, har motar ta ƙi tashi. Nan ne aka fi yanke wa ƙwaƙwalwa hukuncin zalunci. Hanyar ganewa ita ce a riƙa zare sensocin ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wadda aka zare bolt 5 ya dawo, ita ce mai laifi.

Wuraren da Sharon ta saba ciwo

Masu wannan mota a Turai sun daɗe da sanin rauninta, kuma raunin ya biyo ta har nan. Na farko shi ne wayoyin da ke ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, da ta ƙofar but. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa su ake yi, a motar haya kuwa sau nawa ake buɗe ƙofa a rana? Rufin wayoyin yakan tsage, su taɓa juna ko su katse. Gilashi, makulli, wutar baya da waifar baya duk sukan rikice daga nan. A ja robar baya a duba da ido.

Na biyu ruwa ne. Kwamfutar makullai tana zaune ne a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kujerun gaba, ƙasa da kafet. Tiyon da ke kai ruwan wanke gilashin baya ya bi ta ƙarƙashin kafet, kuma mahaɗarsa takan saki. Magudanan ruwan da ke ƙasan gilashin gaba su ma sukan toshe da ganye da ƙasa, ruwan damina ya samu hanyar shiga ciki. Kafet ɗin yana da soso mai kauri a ƙasa, don haka samansa zai iya bushewa alhali kwamfutar tana jiƙe. Koren tsatsa a bakin soket shi ne alama. Wanda ya sauya kwamfutar bai toshe hanyar ruwan ba, zai sake saye a damina mai zuwa.

Na uku, a samfurin da aka sabunta daga 2000, shi ne ƙaramin akwatin fis da ke kusa da batir, inda kaurin wayar altaneta ke shiga. Idan mahaɗar ta saki takan yi zafi har robar ta narke. A masu injin dizal na TDI kuma akwai rila mai lamba 109, wadda ke ba kwamfutar injin wuta. Idan ta tsufa takan yanke wuta da ta ɗauki zafi, ta dawo da ta huce. Alamarta: a murɗa mabuɗi, wutar hita ta dashbod ta ƙi kamawa, injin yana juyawa amma ba ya tashi.

Abin takaici, wani lokaci gwajin ne da kansa yake kashe ƙwaƙwalwar. Har yanzu akwai garejin da ake zare kan batir injin yana aiki don a ga ko altaneta tana caji. A motar kafireta ta da can ana iya tsira da wannan, amma a motar da ke da kwamfutoci, batir ne ke shanye tsallen wutar altaneta, kuma da zarar an cire shi wutar takan yi sama ta wuce abin da aka gina su su jure. Haka yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba, da juya kan batir wajen jona wa wata motar, da naɗa zaren waya a madadin fis da ya ƙone. Fis ba ya ƙonewa banza, kuma idan aka hana shi ƙonewa, wayar da ke bayansa ce za ta ƙone.

Idan da gaske ta mutu

Kwamfutoci suna mutuwa, ba a musun wannan. Amma ana tabbatarwa ne bayan an auna a bakin soket ɗinta an ga wuta tana zuwa, at yana da kyau, wayar sadarwa ba ta katse ba, ita kuma ta ƙi amsawa, ko an buɗe ta an ga ƙuna ko tsatsa a kan allonta. Wajen sayen wata, dole lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta tsohuwar har zuwa haruffan ƙarshe, domin harafi ɗaya yana iya bambanta mai giyar hannu da otomatik.

Ta injin kuwa ba a ɗaura ta kawai a tafi. A cikin kan mabuɗi akwai ɗan ƙwayar lantarki da zoben da ke kewaye da ramin mabuɗi yake karantawa, kuma sai an gabatar da sabuwar kwamfutar ga wannan tsari da na'urar da ta dace. In ba haka ba, injin zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wannan alama ita ce kuma ke fitowa idan ƙwayar ta faɗi daga fasasshen kan mabuɗi, don haka mai mabuɗi na biyu ya fara gwada shi.

Da an gama bincike a zare ELM327 daga soket. Rami na 16 yana da wuta dare da rana ko an cire mabuɗi, kuma masu arhar ba sa barci. Motar da ke ajiye bai kamata ta riƙa jan abin da ya wuce miliamfiya 50 ba, na'urar kaɗai kuma tana iya cinye babban kaso na wannan, ta kwantar da tsohon batir idan motar ta yi kwanaki ba a tayar da ita ba. Yawancinsu lambar haɗinsu 1234 ce ko 0000, wadda duk mai waya a kusa da motar zai iya shigarwa.