Kafin a Kira Mai Ɗori: Abin da Ido da Hannu ke Ganowa a Bakin Fili a Kafanchan

Da zarar Disamba ta kama, filayen makarantu daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa da Kwoi sukan cika da matasa masu buga gasar ƙarshen shekara. Da yawa daga cikin kofunan nan daga Abuja ake aiko su: ko ma'aikacin da ya tuna da gida, ko hadimin ɗan majalisa da aka ɗora wa sayen riguna da ƙwallaye da biyan alƙalin wasa. Abin da ba kasafai ke shiga lissafin ba shi ne wanda zai ruga cikin fili idan yaro ya faɗi ya kasa tashi. Ga shi kuwa hunturu ne, ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe.

Abin da aka saba gani kowa ya san shi. A kwara wa yaron ruwan leda, wani ya kama ƙafar ya fizga wai don jijiya ta koma mazauninta, a murza man zafi, a ce ya daure. Idan dare ya yi kumburi ya ƙaru, sai gidan mai ɗori. Alhali a mintunan farko, kafin kumburi ya rufe komai, ido da hannun wanda ya san aiki na iya bambance targaɗe da karaya ba tare da wata na'ura ba.

Tsarin da likitocin wasanni ke bi yana da tsani, kuma ba a tsallake mataki. Ana fara da tambaya: ina ke ciwo, yaya aka yi, ka ji ƙara? Sannan a duba, a kwatanta da ɗaya ƙafar mai lafiya. Sannan a taɓa a hankali. Bayan haka ɗan wasan ya motsa gaɓar da kansa, kuma sai ya iya hakan ne mai dubawa zai motsa masa. Ƙarshe a gwada ƙarfinsa, ya tsaya, ya taka. Duk matakin da ya gagara, a nan ake tsayawa, wasa ya ƙare masa. Masu fizgar ƙafa daga mataki na biyar suke farawa.

Idon sawu ne ya fi yawan samun rauni, kuma a kansa aka fi samun ƙa'ida mai sauƙi. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada, ƙarƙashin Ian Stiell, suka fitar da hanyar gane wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Ana danna bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefen idon sawu, na ciki da na waje, daga ƙarshensu zuwa sama kimanin santimita 6. Ana danna tushen ƙashin da ke kaiwa ga ƙaramin yatsa a gefen ƙafa na waje, da wani ƙashi a gefen ciki, can saman lanƙwasar tafin ƙafa. Sannan a ce ya yi taku 4, ko da ɗingishi. Idan ƙashi ya yi zafi a ɗaya daga waɗannan wurare, ko takun ya gagara, sai asibiti. Idan babu ko ɗaya, da wuya a ce akwai karaya. Ga iyalin da kuɗin hoto da na mota ke yi wa nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwiwa ta fi wayo. Yaro na iya jin ƙara a ciki yayin da ya juya, gwiwar ta kumbura cikin awa ɗaya ko biyu, amma hoton ƙashi ya fito lafiya lau, domin abin da ya tsinke jijiya ce da ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba. Gwajin Lachman ne ke tona wannan: a kwantar da shi rigingine, a ɗan lanƙwasa gwiwar, a riƙe cinya da hannu ɗaya, a jawo ƙwaurin gaba da ɗayan. Gwiwa mai lafiya takan tsaya cak, wadda ta tsinke kuwa sai ta biyo hannu. Wannan aikin wanda aka koya wa ne, ba na ɗan kallo ba. Na agara ya fi sauƙi: ya kwanta rubda ciki, a matse sharaɓarsa, idan tafin ƙafar bai motsa ba, ana zargin agarar ta tsinke.

Akwai kuma raunin da ba ya kumbura a gani. Wanda suka yi gware, a tambaye shi a wane fili ake wasa, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, rabin farko ake ko na biyu. In ya ruɗe, ko yana jiri, ko ya yi amai, ba ya komawa fili a ranar, komai roƙon magoya baya. In ya ce wuyansa na ciwo ko hannuwansa sun yi sanyi, ba a ɗaga shi a kafaɗa. Ko a Ingila, inda likitoci ke zaune a bakin fili, ana yin kuskure: a Mayun 2025 Taiwo Awoniyi na Nottingham Forest ya daki turken raga a wasansu da Leicester, aka duba shi ya koma wasa, daga baya aka yi masa tiyatar gaggawa a ciki.

Ba a raina masu ɗori ba. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, jama'a sun yarda da su. Haɗarin yana cikin ɗaurin da aka tsananta a kan gaɓar da ke ci gaba da kumbura, wanda ke iya datse jini har nama ya mutu, kuma likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa da yanke hannuwa da ƙafafun yara da wannan ke jawowa. Gwajinsa ma na hannu ne: a matse farcen yatsa har ya yi fari, a saki. Launi ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2. In ya yi jinkiri, ko yatsun sun yi sanyi, ko zafin ya wuce misali, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a daren, ba a jira gari ya waye ba.

Kafanchan ba ta rasa masu wannan ilimi ba. Akwai asibitin da ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, akwai kwalejin koyon jinya da ungozoma, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bai yi nisa ba idan abu ya girma. Ma'aikacin jinya ɗaya a bakin fili, da kankara a cikin kula, da bandeji, da motar da aka tabbatar tana tashi, ba su kai kuɗin ƙoshin baƙin ranar wasan ƙarshe ba. Batun motar ba wasa ba ne: a Maris 2020, lokacin da Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a filin Lafia, motar asibitin da ke wurin ƙin tashi ta yi.